Balaraba

Kwana arba'in da uku yau.
Da alli nake ƙirgawa a bangon shagon walda,
layi bayan layi, kamar bashin mai shayi,
Balaraba ba ta buɗe baki ba.

Mesa ce, gaba guda da ɗan kamu,
gadon da Bappa Hammadu ya bar mini
da akwatin katako, da buta mai yoyo.
Ran da aka raba gona da awaki a Kumo,
da aka zo kanta, kowa ya dubi ƙasa.
Ni ne ban yi saurin sunkuyar da kai ba.

Na kawo ta Bolari a bayan babur.
Na kamo mata ɓera daga rumbun maƙwabci,
ƙosasshe, mai sheƙi, ya ci dawa ya ture.
Ta zaro harshe, ta ɗanɗani iska, ta mayar.
Da asuba na tarar da shi a gadon bayanta
yana wanke fuska da hannu bibbiyu
kamar ɗan haya da ba a bin sa ko sisi.

Na sayo ɗan tsako a Tsohuwar Kasuwa.
Ga shi can ya yi fiffike,
yana bin Dudu daga murhu zuwa turmi.
Yara sun raɗa masa Mai Sauran Kwana,
yanzu ko ni ban isa in taɓa shi ba.

Goggo Adda ta ce baki ne, a yi hayaƙi.
Likitan dabbobi ya ce sanyin siminti ne,
a shimfiɗa buhu, a kusanto da ɗumi.
Wani direba ɗan Kaltungo ya yi dariya:
"Yunwar maciji ba irin taka ba ce, maigida,
kai da kake rantsuwa tun kafin la'asar."
Dudu ba ta ce komai ba,
ta dai janye tabarmar auta zuwa ƙuryar ɗaki,
don an ce mata mesa in ta kame baki
wuri take gyarawa.

Na yi hayaƙin. Na shimfiɗa buhun.
Kullum ina canja ruwan kasko.
Ba ta ci ba.

Da dare, in an ɗauke wuta,
nakan zauna gefen akwatin da tocila a cinya.
Sai in tuna Bappa, tafinsa mai kanta
yana bin bayanta daga wuya zuwa wutsiya,
yana mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci,
irin wadda ake yi wa saniya mai naƙuda.
Ni Fillancina a gaisuwa ya tsaya.
Shekara nawa yana cewa, zo ka zauna ka ji,
ina cewa, Bappa, aiki ya yi yawa, sai Juma'a.
Juma'ar ba ta zo ba.

Na gwada abin da ya saura a bakina.
Na gaishe ta. Na tambaye ta gajiya.
Na ce mata ci.
Kalmomin suka fito a karkace
kamar ƙarfen da bai sha wuta ba.

"Kai ma ka rage tuwo," in ji Dudu daga ƙofa.
"Wanne zan fara lallashi a cikinku?"

Shekaranjiya idonta ya yi fari kamar ruwan shinkafa.
Na ce shi ke nan, makanta ce, ko tafiya.
Na kwana ina juyi.

Yau da hantsi na ɗaga murfin:
saɓa ce kwance, cikakkiya, har da gurbin idanu,
sakayau, ba kowa a ciki,
kamar rigar Bappa da ke rataye a ƙusa
wadda har yau ban iya saukewa ba.
Ita kuwa tana gefe, sabuwa fil,
zanen bayanta kamar an shafa mai.

Ta ɗago kai. Ta zaro harshe wajen hannuna,
ta daɗe.

Ban san me ta ji ba.
Na mayar da allin aljihu, na ɗauki tarko,
na nufi rumbun maƙwabci.
Layin yau, sai na dawo.